GADAR JABBA DA TA MAKURƊI: ABIN LURA GA MUTANEN GWANDU DA KALGO

A watan Oktoba na 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin wata babbar hanyar mota wadda za ta taso daga Illela, a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, ta ratsa Jihar Kebbi, ta gangara har Badagiri a bakin teku. Tsawonta kilomita 1,068 ne, hukuma kuwa ta bayyana cewa za a bar fili a tsakiyarta domin a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa nan gaba. Tun daga ran nan zancen ya shiga kasuwanni da zauruka a Gwandu da Kalgo da kewayensu. Wannan yana tambayar ta garin wa za ta bi, wancan yana tambayar gonar wa za ta ci, kuma nawa za a biya diyya.

Duk tambayoyin nan suna da hujja. Amma akwai wata guda wadda ba mu ji ana yi ba, a ganinmu kuwa ita ce babba. Duk hanyar da ta taso daga Illela za ta Badagiri, tilas ne ta ƙetare Kogin Kwara. To, wace irin gada za a gina a wurin ƙetarewar? Wadda za ta ɗauki mota kaɗai, ko wadda za ta iya ɗaukar jirgin ƙasa? Amsar wannan ita za ta nuna ko 'ya'yanmu za su ji kukan jirgi a ƙasar Gwandu, ko kuwa za su ci gaba da ganinsa a hoton littafi kamar yadda iyayensu suka yi.

Ba da wasa muka ce hoton littafi ba. A cikin zagayen makarantu da aikinmu ya ɗora mana, mun taɓa tsayawa a wani aji kusa da Kalgo, malamin yana koyar da labarin ƙasa, ya zana hanyoyin jirgi a allo da kyau. Muka tambayi yaran wane ne ya taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa. Hannuwan da aka ɗaga ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Shi malamin ma da muka keɓe ya ce sau ɗaya ya taɓa gani, a Zariya, yana tsaye a tasha.

YADDA AKA ƘETARE KWARA

Bari mu koma baya kaɗan, don wanda bai san inda aka fito ba, da wuya ya san inda aka dosa. Hanyar jirgin da Turawa suka fara daga Ikko ta isa Badun a 1901, ta isa Jabba a 1909. A nan ta yi cirko, gama Kwara ta tare gaba. A Arewa kuwa an soma wata hanyar daga Baro a 1907, ta isa Kano a 1911. Da aka haɗa hanyoyin nan biyu a Minna, sai ya zama mutum yana iya tashi daga Ikko ya sauka Kano, sai dai in an zo Jabba a kwance taragai, a tura su kaɗan kaɗan cikin wani babban jirgin ruwa na fito, a ƙetare da su, sa'an nan a sake ɗaura su a wancan ƙetaren. Ruwa ya cika, wahala. Ruwa ya janye, wata wahalar. Kaya sukan taru a gaɓa suna jira.

Haka aka yi ta fama har 1915, sa'ad da aka gama gadar ƙarfe ta Jabba. Masu aikin sun zaɓi wurin ne da hikima, domin akwai tsibiri a tsakiyar kogin, ga kuma dutse a ƙarƙashi. Saboda haka suka yi gadar kashi biyu, ɗaya daga gaɓar kudu zuwa tsibirin, ɗaya daga tsibirin zuwa gaɓar arewa. Yau shekarunta sun wuce 100, kuma har yanzu ita kaɗai ce wurin da hanyar jirgin ƙasa ta ƙetare Kwara a duk faɗin Nijeriya.

Abin da ya kamata mutumin Gwandu ya lura da shi shi ne wannan. Ƙafar gadar ta kudu tana ƙasar Ilori, ta arewa tana ƙasar Nufe. Ilori da Nufe kuwa duka biyu suna cikin ƙasashen da suke bin Gwandu a zamanin daular da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa, tun da aka danƙa wa ƙanensa Malam Abdullahi sashen yamma. Watau gadar ta tsaya ne a tsohuwar ƙasar Gwandu, amma hanyar da ta hau kanta ta karkata gabas, ta bi Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya, ta ba Gwandu baya.

ABIN DA GADAR TA YI MANA

Kafin zuwan jirgi, ƙasarmu tana kan babbar hanyar fatauci. Ayarin da suka taso daga Kano da Katsina za su Gwanja sayen goro, da yawa ta nan suke bi. Su yada zango a Jega, wadda take ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa a wancan zamani, su ƙetare Kwara a mashigai irin na Illo da Yawuri, su ratsa Bargu, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Masu fito suna samu, masu masauki suna samu, masu sayar da abinci da harawa suna samu, sarakuna kuma suna karɓar kuɗin fito.

Da hanyar jirgi ta haɗa Ikko da Kano, sai goron ya sake hanya. Aka riƙa ɗauko shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, a zuba a tarago, cikin 'yan kwanaki ya sauka Kano, tafiyar da jaki yake yi wata da watanni. Daga baya ma Yarabawa suka shiga noman goron a ƙasarsu, kusa da tashoshi. A Kano kuwa gyaɗa ta sami hanyar fita tun daga 1912, birnin ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda shi kansa da fataucin goro ya fara, suka kafu. Ba wanda ya yi wa Jega ko Illo yaƙi. An dai ɗauke mashigin ne aka kai wani wuri, ciniki ya bi shi.

Hanyar da ta fi matsowa kusa da mu ita ce wadda ta taso daga Zariya, ta bi Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929. A nan ta tsaya. Turawa sun shimfiɗa hanyoyinsu ne don kwasar gyaɗa da auduga da kuza da kwal zuwa bakin teku, kuma a shekarar nan ta 1929 ciniki ya faɗi a duniya duka, kuɗi suka ƙafe. Bayan an kai Nguru a 1930 ba a sake jan wata doguwar hanya ba sai ta Barno, wadda aka fara a 1958, ta isa Maiduguri a 1964. Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri duk aka bar su, har yau ɗin nan.

GADAR MAKURƊI

Labarin Kogin Binuwai ma kusan ɗaya ne. Hanyar gabas ta taso daga Fatakwal ta isa Inugu a 1916 saboda kwal, daga baya aka miƙa ta Arewa ta haɗu da ta Kaduna. A Makurɗi nan ma sai da aka yi shekaru ana fiton taragai, kafin a ba kamfanin Sir William Arrol na ƙasar Sikotilan aikin gada. An fara a 1928, Gwamna Sir Donald Cameron ya buɗe ta ran 24 ga watan Mayu 1932. Tsawonta ya kai kamar mita 800, watau wajen rabin mil.

Ga abin da muke so a riƙe game da gadojin nan biyu. Don jirgi aka gina su, amma aka shirya su yadda mota da mai tafiya a ƙasa za su iya bi. Shekaru masu yawa mota da jirgi suna karɓa-karɓa a kansu, in jirgi zai wuce a tsai da motoci, har lokacin da aka gina wa mota nata gadojin dabam. Gadar da aka yi don jirgi tana iya ɗaukar mota. Wadda aka yi don mota kaɗai kuwa, ba a wayi gari a ɗora mata jirgi.

Shaidar wannan ba ta da nisa. Gadar Anaca ta 1965 ta ƙarfe ce, amma ta mota ce. Sabuwar gadar da aka buɗe kusa da ita a 2023, bayan shekaru ana jira, ita ma ba ta da hanyar jirgi. Haka gadar Tuga da ke ƙasar Bagudo a nan jiharmu. Kowace an kashe mata dukiya, kowace tana da amfaninta, amma ba wadda ta rage wa Jabba nauyin da take ɗauke da shi ita kaɗai.

DALILIN BAMBANCIN

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa haka. Dalili na farko nauyi ne. Kan jirgi ɗaya ya fi babbar mota nauyi nesa ba kusa ba, ga taragai a bayansa jere, kowane ƙafa tana dukan wuri ɗaya bi da bi. Saboda haka ake ɗinka ƙarafan gadar jirgi a siffa mai kusurwa uku uku, don ita ce siffar da ba ta lanƙwasawa in an danne ta, kuma ake nutsa ginshiƙanta har sai an tarar da dutse ko ƙasa mai tauri a ƙarƙashin yashin kogi.

Dalili na biyu, jirgi ba ya hawan tudu mai tsayi, ba ya kuma shan kwana farat ɗaya. Mota tana iya hawa gada mai doro ta gangara, jirgi kuwa sai an daidaita masa hanya tun daga nesa. Don haka wurin da za a kafa gada, da tsayinta, da inda ta fuskanta, tilas a tsara su da jirgi a zuciya tun ran farko. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

Dalili na uku ya shafe mu ƙwarai, mu mutanen fadama. Duk wanda ya bi hanyar Kalgo zuwa Bunza da damina ya san Gulbin Kebbi da Gulbin Zamfara ba su tsayawa a bakin gaɓarsu, sukan malala su cika fadama iyakar ganin ido. Hanyar jirgi a irin wannan wuri sai an yi mata tudun ƙasa mai tsawo, tudun kuwa in ba a huda masa isassun kwalbatoci da ƙananan gadoji ba, sai ya zama madatsa. Ruwa ya taru a baya, ya ci gonaki, ran da ya fi ƙarfin tudun ya fasa. Mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa shinkafa da hanyoyi a jihar nan. Mun kuma ji abin da ya auku a Mokwa, garin da ke kan hanyar jirgi arewa da Jabba, a ƙarshen watan Mayu 2025, inda ruwa ya hallaka mutum fiye da 150. Allah ya ji ƙansu. Wanda zai auna hanya a fadamarmu, lalle ya zauna da manoma da Sarkawa, su nuna masa inda ruwa yake kaiwa a shekarar da ya yi yawa.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABTANMU

Kada a ce muna tsorata jama'a ne da abin da ba zai faru ba. A ƙetaren iyaka akwai garin Doso. Tsakanin 2014 da 2016 kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa hanyar jirgi daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140. Nufin shi ne ta zarce Gaya, ta ƙetare Kwara, ta haɗu da tsohuwar hanyar da ta taso daga Kwatano ta tsaya a Faraku cikin ƙasar Benin. Shari'a ta shiga tsakani, aikin ya tsaya, ba a kai bakin kogin ba balle a yi gadar. Aka yi bikin buɗewa, amma hanyar ba ta yi jigilar da aka yi ta dominta ba, domin ba ta kai ko'ina ba. An fara da sashe mai sauƙi, aka bar mai wuya sai daga baya, daga bayan kuwa bai zo ba.

GINI DABAM, RIƘO DABAM

To, a ce an gina gadar. Saura riƙo, shi ne kuwa inda muka fi rauni. Ƙarfe yana da abokan gaba. Tsatsa tana cinsa in fenti ya ɓare. Zafi yana miƙar da shi, sanyi yana tsuke shi: ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 30, yakan ƙara tsawo kamar santimita 3 da rabi, shi ya sa ake ɗora gefe ɗaya na kowane sashe bisa abin da zai bar shi ya motsa, in kuwa wurin ya cushe da ƙasa da tsatsa, sai ƙarfen ya soma tura ginshiƙi. Ruwa kuma yana kwashe yashi daga gindin ginshiƙai a ɓoye, inda ido ba ya gani.

A ƙasar Sikotilan akwai wata gadar jirgi a kan Kogin Tay, wadda ta rushe da dare a watan Disamba 1879 cikin iska mai ƙarfi, jirgi yana kanta, ba wanda ya tsira. Ba ta cika shekara biyu da buɗewa ba. Da aka yi bincike aka tarar tsarinta da gininta da kulawar da ake yi mata duk da aibi. Daga wannan masifa suka ɗauki darasi. Kamfanin nan na Arrol, wanda daga baya ya zo Makurɗi, shi ya sake gina ta, shi ne kuma ya gina babbar gadar Forth wadda aka buɗe a 1890. Har yau jirage suna bin ta Forth kullum, domin ana ci gaba da duba ta da kula da ita.

Su wane ne za su yi mana irin wannan aiki? A nan ne maganar ta dawo kanmu, mu ma'aikatan ilmi. Muna da Jami'ar Tarayya a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. A Zariya akwai makarantar koyon fasahar sufuri, a Daura kuma an buɗe jami'ar sufuri. Ƙofofi suna nan a buɗe. Amma yaron da bai iya lissafi a firamare ba, ba zai zama injiniya ba, kuma malamin da shi kansa yake tsoron lissafi ba zai koyar da shi ba. Gada kuma ba injiniya kaɗai take bukata ba. Tana bukatar safiyo, da mai walda, da mai fenti, da mai sintirin da zai bi ta da guduma yana ƙwanƙwasa ƙusoshi. Jikokin maƙeran ƙasar nan ba za su kasa wannan ba in an koya musu.

MASU CEWA A'A

Akwai masu cewa wannan duk mafarki ne. Suna cewa gadar da za ta ɗauki jirgi ta fi tsada, ƙasa kuwa bashi ya yi mata yawa. Suna cewa tsofaffin hanyoyin ma yawancinsu ciyawa ta rufe, ɓarayi suna kwance ƙarafan. Suna tuna mana harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga watan Maris 2022, wanda ya tsai da zirga-zirga har watan Disamba na shekarar. Ba mu musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amsarmu ita ce, ba mu ce a shimfiɗa hanyar jirgi gobe ba. Abin da muka ce shi ne, in za a kafa ginshiƙai a cikin Kwara, a kafa masu ƙarfin da za su ɗauki jirgi in lokacinsa ya yi, a kuma bar masa wuri. Ƙarin kuɗin da za a kashe yanzu bai kai na sake gina wata gada sabuwa fil nan da shekara ashirin ba. Kayan ɗauka kuwa akwai su. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015 sunan jihar nan ya tafi da shinkafa, ga manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, ga albasar Aliero, ga dabbobi da kifi. Duk a bayan manyan motoci suke tafiya, suna farfasa kwalta, albasa tana ruɓewa a hanya. Jirgi ɗaya mai tarago 30 yakan kwashe abin da tirela 30 za su ɗauka, ko fiye.

Kada kuma a manta da rayuka. Ran 26 ga watan Mayu 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kwara kusa da Wara cikin ƙasar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Muddin mashigai sun yi ƙaranci, talaka zai ci gaba da cusa kansa da iyalinsa cikin tsohon kwale-kwale. Kowace gada da za a yi, a yi mata gefen masu tafiya a ƙasa da dabbobi.

ABIN DA MUKE ROƘO

A watan Maris 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, abin da a da na Tarayya ne kaɗai. Saboda haka ba sauran cewa maganar ta fi ƙarfinmu. Muna roƙon wakilanmu na Majalisar Tarayya da ta Jiha su nemi a nuna musu zanen gadar da za ta ƙetare Kwara, su tambaya a fili ko an lissafa nauyin jirgi a ciki. Muna roƙon Gwamnatocin Kebbi da Sakkwato da Zamfara su haɗa baki su nemi a auna hanyar da za ta haɗa mu da sabuwar hanyar Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu 2021, kuma a yi ta da sabon faɗi na milimita 1,435, kada a koma wa tsohon na 1,067. Muna roƙon sarakuna da hakimai su tsare filin da aka keɓe, kada a wayi gari an cika shi da gine-gine. Iyaye kuma su bar yara su zauna a aji.

Waɗanda suka zaɓi tsibirin Jabba sun daɗe da barin duniya, amma shawarar da suka yanke ta sa Kano ta cika, Jega ta rage, har tsawon shekara 100. Yanzu ga wata shawarar irinta ana shirin yankewa, mu kuwa muna raye, muna da baki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba shugabanninmu basira, ya sa mu ga alheri.